Ƴar Takardar Waƙa da Mutanenta: Daga Zaurukan Birni zuwa Ƙungiyar Hikima

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, da ke ƴar'uwa, tun da an ba ni ƴan shafuka a cikin wannan ɗan littafi na tunawa, na ga ya dace in ba ku tarihin wani ƙaramin abu da ba a cika sa shi cikin tarihi ba, wato ƴar takardar waƙa: wa ke rubuta ta, wa ke juya ta, wa ke karanta ta, kuma ta wace hanya take isowa hannun Badamagare. In an ce tarihin Damagaram, nan da nan sai hankali ya tafi ga ganuwar Tanimun da igwoyinsa, ko yaƙin Tirmini na 1899. Duk gaskiya ne. Amma a lokacin da ake kwaɓa ƙasar ganuwa, akwai malami zaune a zaure yana fiƙe alƙalami, kuma nasa aikin ma ya iso gare mu.

Bari in fara da nesa kaɗan, don ka san abin da nake auna namu da shi. A wasu ƙasashe akwai abin da ake kira ƙaramar mujallar waƙa. Samari ƙalilan ne ke haɗa kuɗin aljihunsu, su tattara waƙoƙin junansu, su buga ƴan ɗaruruwa, su raba hannu da hannu, ba tare da gwamnati ko kamfani ya sa musu baki ba. A 1958 ɗaliban jami'ar Ibadan sun fito da irin wannan, sunanta The Horn. J. P. Clark ne editanta na farko, kuma da injin roniyo ake juya ta, irin wanda tsofaffin malaman lakwal ɗinmu ke juya takardun jarrabawa da shi. A cikin waɗannan ƴan warƙoƙi ne wasu daga waƙoƙin farko na Wole Soyinka da Christopher Okigbo suka fito. A Maroko kuma, a 1966, Abdellatif Laâbi yana ɗan shekara 24, shi da abokansa mawaƙa suka kafa Souffles a birnin Rabat. Fitowa 22 ta yi. A 1972 hukuma ta tsayar da ita, ta ɗaure Laâbi, bai shaƙi iskar waje ba sai 1980. Ashe ƴar takarda ma tana tsone wa mai mulki ido.

Abin da ya haɗa waɗannan mujallu shi ne mai karatu da mai rubutu kusan mutum ɗaya ne. Wanda ya sayi fitowar yau, shi ne zai aiko da tasa waƙar don ta gobe. Ka riƙe wannan, da shi za mu yi tafiyar.

Kafin injin buga littafi

Gidan sarautar Damagaram daga malami ya samo asali, Malam Yunus, a ƙarni na 18. Fuskar masarautar kuwa gabas take kallo, wajen Borno, inda sarakuna ke aika gaisuwa, inda kuma almajirai ke tafiya neman haddar Alƙur'ani. Damagaram ba ta taɓa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Kai, a ƙarshen ƙarni na 19 ma Sarki Amadu Kuran Daga har yaƙi ya kai wa ƙasar Kano. To amma waƙa ba ruwanta da wannan gaba. Waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi da na koyar da farillai, waɗanda aka rubuta da ajami a Sakkwato da Gwandu da Kano da Zariya, sun yi ta ƙetarowa cikin gafakar almajirai da kayan fatake, sarakuna na faɗa ko suna shiri.

Ita kanta takardar daga arewa take zuwa. Garinmu zango ne a kan hanyar da ta taso daga Tarabulus ta bi ta Ghat da Agadas ta nufi Kano, sunan unguwar Zango ma ya isa shaida. Ayarin raƙuma ne ke kawo takarda ƙirar Italiya, wadda in ka ɗaga ta ga haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Abu ne mai tsada, shi ya sa ba a ɓarnarsa. In kana da tsohon littafin kakanka a gida, duba ka gani yadda ake cika warƙa har gefe, ana cusa sharhi tsakanin layi da layi.

Ga yadda waƙa ke yawo a wancan zamani. Malami ya tsara ta, ya rubuta. Ɗalibi ya ara ya kwafa, wani ya ara daga gare shi. Makaho ya saurara har ya haddace, sai ya bi ƙofofin gidaje da bakin kasuwa yana rerawa, matan da ke cikin gida su ji ta bayan katanga, wata ta ɗauki amshin tana daka da shi. Warƙa guda ke nan ta sami masu karatu biyar da masu sauraro ɗari biyar. Kuma in ka lura, waƙar tana ɗauke da duk abin da mujallar zamani ke sawa a bangonta. Farkonta ambaton Allah da salati. Ƙarshenta sunan mai waƙar, wani lokaci har da garinsu da sunan malaminsa, sai ramzi, wato shekarar hijira a ɓoye cikin haruffan wata kalma. Sau da yawa akan faɗi adadin baitoci, don kada mai kwafa ya rage ko ya yi ƙari. Da yawansu kuma sukan roƙi wanda ya ga kure ya gyara, wanda ke nuna tun farko mai waƙar yana sauraron amsa.

Amsar kuwa takan zo. Mafi kyawunta a ganina shi ne tahamisi: mutum ya ɗauki waƙar wani ƴar ƙwar biyu, ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti, da kari ɗaya, ta koma ƴar ƙwar biyar. Sanannen misali shi ne Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci, ƴarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Mutum uku a kan waƙa ɗaya, ko wanne ya karanta na gabansa sa'an nan ya ɗora nasa. Ita Nana Asma'u har hanyar rarrabawa ta kafa, ƴan taru, inda jajoji ke zuwa wurinta su koyi waƙoƙi su koma ƙauyuka su koya wa mata.

Kada dai ka haɗa wannan da waƙar fada. Makaɗan Sarkin Damagaram, irin su Ma'azu Ɗan Alalo, duniyarsu daban ce, ta ganga da amshi da uban gida, kuma ta cancanci nata shafukan. Ni a nan ta alƙalami nake.

Iyaka ta raba takarda biyu

Faransawa sun ci Zinder a 1899. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka tsakaninsu da Ingilishi, sai ga Kano, wadda ba ta fi tafiyar kilomita 240 daga nan ba, ta koma wata ƙasa. Zinder ta riƙe matsayin babban birnin mulkin mallaka daga 1911 har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Amma wannan girma bai amfani rubutun Hausa da komai ba, domin lakwal ɗin Nasara Faransanci zalla take koyarwa. Tambayi tsofaffin da suka yi ta, za su ba ka labarin sambol, abin nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a farfajiyar makaranta.

Can ƙetaren iyaka abin ya bi wata hanya. Ingilishi, don amfanin mulkinsu ba don son mu ba, sun ga ya fi musu sauƙi su yi aiki da Hausar boko. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, Abubakar Imam na editanta, kuma tana buga wasiƙu da waƙoƙin masu karatu. A 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta yi ta fitar da ƙananan littattafai masu araha, da boko da ajami, cikinsu har da tarin nan mai suna Waƙoƙin Hausa na 1957. Imfirajin Aliyu Namangi, makahon malamin nan na ƙasar Zazzau, ta shiga buga, alhali tun da can tana bakin almajirai. Daga baya maɗaba'un Kano suka gano dabarar ɗaukar hoton rubutun hannu na ajami su buga shi yadda yake. Irin waɗannan ƴan littattafai ne ke tasowa daga kasuwar Kurmi su sauka a kan tabarmar mai sayar da littattafai a kasuwar Dole, kusa da Ishiriniya da Ahalari, har gobe.

Al'adar amsawa ma ta bi waƙa cikin boko, ta kuma shiga siyasa. Sa'adu Zungur ya yi Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, sai wani saurayi ɗan NEPU a Kano, Mudi Sipikin, ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai. Ka riƙe sunan wannan saurayi, za mu dawo kansa. Iskar NEPU kuwa ta kaɗo har nan, domin kalmar sawaba da suka yi tashe da ita tun 1950, ita ce jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauka ta zama sunanta, kuma Damagaram na cikin wuraren da ta fi ƙarfi kafin a haramta ta a 1959.

A cikin ƴan Sawaba na nan akwai mawaƙi, Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya a 1932, wanda ya wakilci Zinder a majalisa. Yau an fi saninsa da littafin Sarraounia na 1980, amma kafin nan ya fitar da tarin waƙoƙi, Poémérides, a 1972. A ina? A Paris, da Faransanci, shi kuwa yana gudun hijira. Da ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974, bai daɗe ba aka ɗaure shi. Ya rasu a haɗarin mota a 1993, Allah ya jiƙansa. Dubi wannan hali da kyau, ɗan'uwa. Mai ajami a Birni yana karanta abin da aka buga a Kano. Ɗan lakwal a Sabon Gari in ya yi waƙa sai ta je Faransa kafin ta ga injin buga littafi. Gari ɗaya, amma wannan bai karanta wancan ba. Badamagare ya zama mai saye, hanyar aikawa da tasa kuwa ta yi masa nisa.

Hikima da Fasaha

In ana neman abin da ya fi kusa da ƙaramar mujallar waƙa mai cin gashin kanta a ƙasar Hausa, to a Kano za a same shi, a farkon shekarun 1970. A lokacin akwai ƙungiyoyin marubuta waƙa guda biyu da suka yi suna. Ɗaya ita ce Hausa Fasaha, ƙarƙashin Alhaji Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega a 1918, mai Ƴar Gagara da Hausa Mai Ban Haushi. Ɗayar kuma ita ce ƙungiyar Hikima, wadda Mudi Sipikin ɗin nan ya jagoranta.

Tsarinsu ya bambanta, kuma bambancin na da darasi. Ƴan Hausa Fasaha a warwatse suke cikin garuruwan arewacin Nijeriya, haɗuwarsu ba ta da yawa. Ƴan Hikima kuwa mutanen Kano ne, suna zama tare a kai a kai, kowa ya zo da abin da ya rubuta ya rera, a saurara, a yaba, a kuma yi gyara. Mujallarsu ita ce warƙoƙin da suke rubutawa da hannu ko da keken rubutu, da kuma filin da suke da shi a gidan rediyo kowane mako, inda mai waƙa ke rera tasa da bakinsa. Wannan ya dace da mu ƙwarai. Rubutacciyar waƙar Hausa ai don kunne aka yi ta. In ka karanta ta shiru kamar jarida, rabinta ka samu, domin sai an rera ake gane ko kari ya zauna ko ya karye.

Su wane ne mutanen? Nan ne abin ya fi burge ni. Ba taron farfesoshi ba ne. Mutanen gari ne masu sana'o'insu, wasu karatun allo da na zaure suka yi, wasu sun taɓa boko kaɗan, wasu tsofaffin ƴan siyasa ne da mulkin soja ya rufe musu dandali tun 1966, sai suka koma ga alƙalami. Da mata a ciki. Hauwa Gwaram da Hajiya Ƴar Shehu sun yi zamani da waɗannan da'irori na Kano, kuma a 1983 aka tattara waƙoƙinsu cikin littafin Alƙalami a Hannun Mata. Ki ji wannan, ƴar'uwa, don kada wani ya ce miki rubuta waƙa ba aikin mace ba ne. Tsakanin Nana Asma'u da su, zaren bai tsinke ba.

Abin da suke waƙa a kansa kuma, duk abin da ya shigo gari ne. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, an yi waƙa. An canza kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, an yi waƙa. Ƙidayar jama'a, fari, tsabta, tarbiyyar yara, tsadar aure, duk sun sha baitoci. Wani zai ce to wannan ai sanarwa ce aka yi wa ƙafiya. Wasu daga ciki haka ne, ban musa ba, kuma akwai waɗanda da an gama kamfen ɗin suka mutu tare da shi. Amma tsarin tsohuwar waƙar wa'azi ne suka ɗauka, da buɗewarta da rufewarta da gargaɗinta, suka ɗora wa al'amuran yau da kullum, har ya zama tela ko ɗan tireda yana ganin shi ma yana da ta cewa kan abin da hukuma ta yanke. Kafin su ma an ga alamar yawan masu wannan ƙishirwa: lokacin yaƙin basasar Nijeriya, da aka sa gasar waƙar soja, ɗaruruwan waƙoƙi ne suka kwararo daga ko'ina.

Wani abin lura shi ne yadda labarinsu ya tsira. Wani ɗalibi Baturen Ingila, Graham Furniss, ya zauna da ƴan Hikima, ya tattara waƙoƙinsu, ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kansu a jami'ar Landan a 1977. Shirin rediyo iska ke tafiya da shi. Warƙar da ba a ɗinke ba kuma, ko gara ta ci ko a ƙunshe ƙosai da ita. Manyan, irin su Aƙilu da Mudi, sun sami an buga musu littafi. Ƙananan fa, waɗanda su ne ƙashin bayan ƙungiyar? Da yawansu sai a ɗakin karatu na wata ƙasa za ka ci karo da sunansu. Aƙilu Aliyu ya rasu a 1999, Mudi Sipikin a 2013. Allah ya gafarta musu.

Namu ɓangaren bayan ƴancin kai

Mu dawo gida. Bayan 1960 Nijar ta yi wasu abubuwa da ya kamata a yaba. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Mutanen unguwa ko ƙauye su taru gindin akwati ɗaya su saurari shiri, su tattauna, mai kula da kulob ya ɗauki muryoyinsu a faifai ya aika Yamai, a sako su a shiri na gaba. Ka ga mai sauraro ya zama mai magana ke nan, abin nan da na ce ka riƙe. Sa'an nan ma'aikatar yaƙi da jahilci ta fito da ƴan jaridun karkara da harsunan ƙasa, waɗanda ake juyawa da roniyo, don wanda ya koyi baƙi da wasali ya sami abin karantawa kada ya manta. Akwai Gangaa, akwai Saabon Ra'ayii, mu kuma a nan muna da Muryar Damagaram. A irin waɗannan shafuka ne manomi da ya gama ajin dare zai fara ganin abin da ɗan'uwansa manomi ya rubuta, ko labari, ko karin magana, ko ƴan baitoci.

Ka lura da yadda aka rubuta sunayen nan, Gangaa da a biyu. Wannan ba kuskuren mai bugawa ba ne. Bayan taron Bamako na 1966 kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, Nijar ta ɗauki ƙa'idar ninka dogon wasali, alhali Nijeriya ba ta yin haka. Ga masanin harshe dabara ce mai ma'ana, ga mai waƙa ma tana da amfani tun da karin waƙarmu a kan tsawon gaɓa yake tafiya. Amma ga mai karatu ta zama katanga ta uku. Ga mai ajami, ga mai bokon Zariya, ga mai bokon Yamai, ga kuma ɗan lakwal da ke rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, yana sa ou inda ake son u, yana sa tch inda ake son c. Sai a taron Yamai na 1980 aka daidaita rubutun ƙasashen biyu, aka kuma tabbatar da ƙa'idar Nijar da doka a 1999. Duk da haka duba allunan shaguna a kan titi, ko saƙonnin da ke cikin wayarka, ka gaya mini ko daidaitawar ta iso.

A nan Zinder ne kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida tare da Faransanci, a 1973. Mu da muka bi ta irin waɗannan azuzuwa mun san abin da suka ba mu: mun iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ tun muna ƴan ƙanana, ba mu jin kunyar harshenmu a kan takarda. Mun kuma san abin da ba su ba mu ba, domin da ka wuce firamare sai Hausar ta tsaya a ƙofa, babu abin karantawa da ya dace da shekarunka sai wanda ya ƙetaro daga Kano. A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa karo na farko, shi ma a Zinder, zamanin samariya, inda jihohi ke gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan rediyon Zinder, su Yazi Dogo, ta nuna cewa in dai da Hausa aka yi abu mai kyau, ƙasa duka za ta tsaya ta saurara.

To ina matsalar take? A ganina ga ta: duk waɗannan filaye na wani ne. Jaridar karkara ta ma'aikata ce, bikin matasa na gwamnati ne, jigon waƙar ma sau da yawa daga sama ake ba da shi. Ranar da kuɗin tallafi ya ƙare, roniyo ya tsaya. Ranar da mulki ya sauya, bikin ya sauya ko ya mutu. Ƴan Hikima ba su fi mu fasaha ba, amma zamansu nasu ne, ba wanda ya kira su balle ya sallame su.

Daga 1990 zuwa yau

Iskar dimokuraɗiyya ta kawo jaridu masu zaman kansu, Haské ta fara a 1990, sai dai kusan duka da Faransanci suke kuma siyasa ce cikinsu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, takarda da tawadar inji kuwa daga waje ake shigo da su, sai tsadarsu ta yi tsalle. Gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Anfani, sun buɗe fili, kuma nan ne masu baitoci da yawa suka koma. A daidai wannan lokaci littattafan soyayya na Kano suka cika gari. Kowa da ra'ayinsa a kansu, amma abu ɗaya ba a musunsa: marubutan da kansu suka haɗa ƙungiyoyi, suka buga da kuɗinsu, suka sa adireshi a bango, masu karatu kuma suka yi ta aika musu wasiƙu. Ƴan matan Damagaram da yawa a nan suka goge da karatun Hausar boko, ba a aji ba.

Yanzu muna da jami'a a gari tun 2010. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Doka dai ta faɗa. Amma doka ba ta rubuta baiti, ba ta kuma ɗinke warƙa. Masu waƙa kam muna da su, a makarantun Islamiyya, a zaurukan karatun dare, a ɗakunan kwanan ɗalibai, da cikin gidaje inda wata ke rubutawa a bayan kayen ɗanta. Yawancin abin da suke yi a saƙon murya yake yawo, waya ta lalace ya tafi. Can kuma cikin adakokin gidajen Birni da Zango akwai warƙoƙin ajami da ba wanda ya ƙidaya su, ga gara, ga ɗigar damina. Sashen rubuce-rubucen hannu na cibiyar IRSH a Yamai ya adana dubbai, amma abin da ke hannun iyalai sai iyalan sun yarda a gani.

In da wasu za su ce bari su gwada, ga lissafin da ba ya buƙatar kowa ya ba da tallafi. Ƙunshin takarda guda warƙa 500 ne. Kowace warƙa in an naɗe ta biyu tana ba da shafi 4. Warƙa 5 ke nan shafi 20, ƙunshi guda kuma kwafi 100. Shafi 20 zai ɗauki waƙa goma ko fiye, a bar shafi biyu na ƙarshe don amsoshin waɗanda suka karanta fitowar baya, da tahamisi in akwai mai iyawa. Abin da zai fi cin lokaci shi ne a sami mai buga rubutu da ya san inda ƙ da ɗ da ƴ suke a kwamfuta, da mai kyakkyawan hannu da zai rubuta kowace waƙa da ajami a shafin da ke fuskantar bokonta, don malamin zaure da ɗalibar jami'a su buɗe shafi ɗaya.